Zoɓon Yaya

Duk wanda ya zauna a layinmu na Karmo a shekarun nan ya san zoɓon yayata, kuma ba yabon gida nake yi ba. Da sassafe take tace shi, ta zuba citta da kanumfari da ɓawon abarba, ta antaya suga babu awo, don hannunta ya riga ya san daidai. Ta ɗura a gorunan roba, ta jera a kula da ƙanƙara, 'yan talla su kwasa su nufi ƙofofin kamfanonin Idu. Kafin la'asar an shanye. Tafin hannunta kullum ja ne, har nakan tsokane ta in ce ta huta da sayen lalle. Da wannan zoɓon aka ce ta kashe 'yarta.

Ni ƙanwarta ce. Na zo Abuja bayan na gama karatun koyarwa, na sami aiki a wata 'yar makarantar kuɗi da ke bayan kasuwa, na zauna wurinta a gidan haya irin mai ɗakuna suna kallon juna. Ciki da falo ne. Ita da mijinta a ciki, ni da yarinyar a falo kan katifa ɗaya. Mijin Yaya ɗan dako ne a wani sito a Idu, buhunan shinkafa da na fulawa yake saukewa daga tirela. Mutum ne marar magana, irin wanda za ki gaishe shi ki tsaya kina tunanin ko ya ji. Ni kuwa magana ba ta kwana a cikina. Mun zauna lafiya dai, don shi ba ya tankawa, ni kuma ba a faɗa da bango.

Yarinyar shekararta bakwai, da giɓi a baki da surutu kamar rediyo. Ita kaɗai ce ta tsaya musu, biyun da suka riga ta sun koma tun suna jarirai. 'Yar babanta ce ta gaske. In ya dawo da yamma, jikinsa fari fat da fulawa, ba ta barinsa ya yi wanka. Sai ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ya kwanta, ta haye ƙirjinsa ta kifa kai, ta kwashe labarin gidan kaf ta faɗa masa: wa ya yi faɗa a bakin famfo, kazar wa ta ɓace, me Anti ta ce wa mai gawayi. Antin ni ce. A wannan lokacin ne kaɗai nake ganin haƙoran mutumin nan.

Duk damina sai tari ya zaga sitonsu. Ruwa ya doke su suna sauke kaya, su shige ciki a jiƙe, su sha ruwa da kofi ɗaya. In mutum ɗaya ya ɗauka, kowa ya ɗauka. Mijin Yaya ya kawo shi gida, ya tauna citta, ya sayi ƙwayoyi a kemis, washegari ya wuce aiki. Bayan 'yan kwanaki sai yarinyar ta fara. A shekarar da ta gabaci rasuwarta sau biyu ƙirjinta ya kama ta haka. Ba wanda ya tsaya yana lissafin wa ya riga wa, don a Karmo tari ba labari ba ne. Ga kwata a buɗe, ga hayaƙin gawayi, ga na janareta, kowa na tari.

Na ukun shi ya fi muni. Zazzaɓi ya kwantar da ita, haƙarƙarinta na lotsawa in ta ja numfashi. Muka kai ta wurin mai kemis na bakin titi, wanda duk unguwa ke kira dokta, ko da yake ban taɓa ganin takardarsa ba, kuma ban taɓa jin wanda ya tambaya ba. Ya yi ta yi mata allura safe da yamma. Zazzaɓin ya sauka, tarin ya lafa, ta tashi zaune. Yaya ta yi sadakar ƙosai, muka ce an wuce wurin.

To, akwai abu guda da ba a yi a gidanmu tun daga ƙauye: ba a hana wanda ya tashi daga ciwo abin da ya roƙa. An ce jikinsa ne ke faɗin abin da ciwon ya cinye. Ina ƙarama na yi ƙyanda, na farka na ce rake nake so, ba lokacinsa ba ne, babanmu ya hau keke har kasuwar wani gari ya nemo. Da haka aka rene mu, haka kuma dangin mijin Yaya suka sani. A Abuja an ƙara wa al'adar kaya. Ɗan dubiya ba ya shigowa hannu rabbana, sai da kwalbar malt da gwangwanin madara, a haɗa a ba marar lafiya, wai ƙarin jini. Ƙarƙashin gadon Yaya ya cika da su. Mai gidan da muke haya, wata tsohuwa 'yar Gbagyi mai kirki, ta kawo zuma daga gonarsu ta wajen Bwari, ta danƙa wa Yaya ta ce da irin Hausarta, "Ka ba shi ya sha da safe, ƙirjinsa zai wanke."

Yarinyar kuwa ta tashi da ƙishirwa irin wadda ban taɓa gani ba. Ta sha ruwa, ta ajiye kofi, ta ce a ƙaro. In ruwan ya ishe ta ta ce zoɓo, ga shi kuwa a gida, mai sanyi. Yaya ta riƙa ware mata nata kafin 'yan talla su zo. Abinci kuma ta ci kamar mai aikin ƙarfi, ta suɗe kwano ta leƙa nawa. Babanta ya yi ta jin daɗi, yana shigowa da burodi da biskit a leda. Duk wanda ya leƙo ya gan ta da gora a baki sai ya ce masha Allah, jiki na dawowa.

Jikin bai dawo ba. Tana ci tana ramewa. Siket ɗin makarantarta ya fara zamewa, sai da na ɗaure mata da igiya. Muka ce tsutsar ciki ce ke cinye abincin, aka ba ta maganin tsutsa. Ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana 'yar mitsitsiya. Ni da muke katifa ɗaya na fi kowa sani. Yaya ta sayo mata fo ta ajiye bayan ƙofa don kada ta riƙa fita tsakar gida. Wata safiya aka manta ba a zubar ba, sai ga shi baƙi ƙirin da kiyashi, sun yi layi tun daga ƙasan ƙofa. Mijin Yaya zai fita aiki ya gani, ya tsaya, ya ce wa matarsa, "Kin ga aikinki ko, har fitsarinta ya koma zoɓo."

Muka yi dariya, har da yarinyar. Ina tuna ranar ne don mutumin ba ya raha, wannan ce guda ɗaya da na riƙe masa. Ciwon suga mun san sunansa, amma a saninmu na manya ne, alhazai masu tumbi da hajiyoyin da ba sa tashi daga kujera. Ba mu taɓa jin ya kama yaro ba, balle 'yar ɗan dako da ake ƙirga haƙarƙarinta.

A tsakanin nan ne yayar mijin Yaya ta zo daga Bwari, inda take aure. Gwaggo yarinyar ke ce mata, mu ma haka muke kiranta. Ta zo dubiya ta zauna. Mace ce mai yawan tasbihi da yawan lura, tana jan carbi idonta na kan tukunyar mutane. Dama can ba ta son sana'ar Yaya, takan ce mace mai 'ya ɗaya tal bai kamata hankalinta ya rabu biyu ba. Amma a ba yarinya abin da ta roƙa, a nan bakinsu ɗaya. Da hannunta na ga ta haɗa malt da madara ta ba ta, ba sau ɗaya ba.

Sai amai ya zo, da ciwon ciki. Ta kwanta ta daina surutu. Numfashinta ya canza, tana jawo shi daga can ƙasa, mai zurfi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan guga a rijiya. Duk wanda ya shigo ya saurara sai ya ce ƙirjin ne ya dawo. Me kuma za a ce, yarinyar da ba ta daɗe da tashi daga ciwon ƙirji ba? Bakinta na wani ƙamshi kamar abarbar da ta fara lalacewa, muka ce zoɓon da ta sha ne. Muka koma wurin mai kemis. Ya ɗora abin awo a ƙirjinta, ya ce tarin ne ya sake shiga, kuma jikinta ya bushe, sai an yi ƙarin ruwa. Ya ɗago ledar ya nuna mana, ya ce wannan mai suga ce, ita ke ba da ƙarfi. A unguwarmu ƙarin ruwa shi ne sarkin magani, wanda aka rataya wa leda ya san an kula da shi. Muka yi masa godiya. Kafin ledar ta ƙare, in an kira sunanta ba ta amsawa.

Babanta ya zare allurar da kansa, ya saɓa ta a kafaɗa ya fita. Ana yayyafi, layin duk taɓo, ya yi ta tsallake kwata har bakin titi, mu muna binsa a guje. Muka sami mota zuwa babban asibiti a cikin gari. A ɗakin gaggawa wata nas ta kalli yadda take numfashi, ta sunkuya ta shinshina bakinta, ta kama yatsarta ta tsira, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba. Na'urar ta ƙi nuna lamba. Nas ɗin ta ce abin ya wuce inda take iya ƙirgawa, ta ruga ta kira likita.

Likitar mace ce, matashiya, idonta duk gajiya, Hausarta a gauraye da Turanci. Ta ce ƙirjin yarinyar lafiya lau, wannan numfashin ba na tari ba ne, ciwon suga ne ya kai matuƙa har jininta ya gurɓace. Ta tambayi tun yaushe take yawan shan ruwa, da me aka ba ta. Yaya ta faɗi gaskiya, ba ta rage komai ba. Gwaggo, wadda ta biyo mu, na tsaye a gefe. Ta dai sauke ido kan jajayen hannuwan Yaya ta bar shi a nan, har Yaya ta janye su ta cusa cikin hijabi.

Sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Aka sa mata insulin, maganin sauke suga, aka yi ta canza ledoji, aka ce kada a ba ta komai ta baki, sai dai a jiƙa mata leɓe da auduga. Sau ɗaya ta farfaɗo, da hantsi, muna zaune ni da Yaya. Ta buɗe ido ta nemi uwarta, leɓenta duk ya tsage, ta ce a hankali, "Mama, zoɓo."

Yaya ta ce, "A'a."

Tunda nake ban taɓa jin ta ce wa yarinyar nan a'a a kan abin ci ko sha ba. Ita ma yarinyar ba ta taɓa ji ba. Ta kalli uwarta da mamaki, ta juya fuska wajen bango. Ba ta sake magana ba. Washegari ana kiran azahar ta cika, babanta na riƙe da ƙafarta.

A zaman makoki Gwaggo ta sami aiki. Duk wadda ta shigo ta tambayi me ya sami yarinya, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce suga ne, yarinya ta tashi a cikin suga, da shi take karyawa da shi take kwana. Sannan ta ƙara da cewa ita ba ta ɗora wa kowa laifi, Allah ne mai yi. Wannan ƙarin ya fi zagin ciwo. Sau ɗaya na tambaye ta a gaban mutane wa ke haɗa malt da madara, Yaya ta mintsine ni har sai da wurin ya yi shati. Kafin a tashi daga makoki maganar ta zaga layi. Mata na hana 'ya'yansu alewa suna cewa ba ku ga 'yar mai zoɓo ba.

Mijin Yaya bai zage ta ba, bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Ya ɗauki babbar tukunyar ya kai bayan gida ya kife, ya ce kada a ƙara dafa shi a gidan nan. Daga nan ya daina cin abincinta. Ta dafa ta rufe ta ajiye masa, ya shigo ya tsallake, da safe in juye wa kajin mai gida. Yaya kuma ta tasa hannuwanta a gaba. Ta zauna bakin famfo da soso da sabulun wanki tana dirza, har fatar ta fara saɓulewa, jan bai fita ba. Ba ta ci, ba ta barci, ta fi yarinyar ramewa. Wata rana ina shafa mata man kaɗanya ta ce mini da hannunta ta ba ta, kuma da ta roƙa na ƙarshe ta hana ta, don haka ta ko'ina ita ce. A ranar na tabbata in ba a yi wani abu ba, za mu binne mutum na biyu.

Na nemi izini a makaranta na koma asibitin. Na zauna a baranda har likitar nan ta fito, na tare ta. Ta gane ni. Na ce tambaya ɗaya na zo yi, kuma ba lallashi nake so ba: zoɓo ne ya jawo wa yarinyar ciwon?

Ta ce, "Ba shi ba ne. Ko ruwan rijiya kaɗai take sha, da ciwon ya zo."

Ta zaunar da ni kan benci ta yi mini bayani. Ta ce ciwon suga iri-iri ne, na yara ba irin na manyan da muka sani ba ne. Akwai wani ɗan nama a bayan tumbi da ke yin sinadarin da ke shigar da suga inda jiki zai amfana da shi. A irin wannan ciwon, garkuwar jikin yaro, wadda aikinta yaƙar cuta, ita ke juyawa ta far wa wannan naman har ta kashe shi. Ba a rana ɗaya take yi ba, a ɓoye take ci, wata da watanni, wani lokaci shekaru. Ƙishirwar da muka gani ba jiki ne ke dawowa ba, ciwon ne ya bayyana. Game da zoɓo da malt da ledar mai kemis ba ta ɓoye mini ba, ta ce sun ƙara wa wuta itace, amma ba su suka kunna ta ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsira yatsar yarinyar da wuri.

Na ce to me ya kunna ta? Ta ce nan ne ilimi bai kai ƙarshe ba. Akwai abin da ake gadowa a jini, akwai kuma abin da ke tayar da shi. Sai ta tambaye ni ko yarinyar ta yi wani ciwo a watannin baya. Na ba ta labarin ƙirjin nan sau uku. Ta jinjina kai, ta ce akwai likitocin da ke zargin ƙwayoyin cutar mura da tari, musamman in suna kama yaro a kai a kai, kan iya rikita garkuwar jiki har ta kasa bambance baƙo da na gida. Ta ɗaga yatsa ta ce in ji da kyau, zato ne, ba a tabbatar ba. Yara nawa ke tari su girma lafiya. Mai yiwuwa ma ciwon na nan kwance tun tuni, tarin ƙarshe ya yaye masa mayafi kawai. Na matsa, na ce amma zai yiwu tarin ne? Ta ce zai yiwu, iyakar abin da za ta iya ce mini ke nan, kada in ƙara mata gishiri.

A hanyar dawowa motarmu ta bi ta Idu, daidai lokacin tashi daga aiki. 'Yan dako na fitowa daga sito, wasu sun rufe kai da buhu saboda ruwa. Wani ya tsaya bakin titi ya dafa gwiwa yana tari. Sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya: tabarma a bakin ƙofa, shi a kwance yana tari, ita kife a ƙirjinsa, fuskarta dab da bakinsa. Sau ukun nan duk shi ya fara. Daɗi na ji, wani mugun daɗi mai zafi. Kafin in sauka na gama shirya maganar da zan gasa masa, a gaban yayarsa, kalma bayan kalma.

Na tarar da Yaya ita kaɗai tana tsince shinkafa, Gwaggo ta shiga maƙwabta. Na zauna na faɗa mata abin da likita ta ce game da zoɓo. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ajiye faranti ta kifa kai a cinyata ta yi kuka, kuka na sosai, irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Da ta lafa na ci gaba, na zo kan tari. A nan ta ɗago ta goge ido, ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce ita ke dafa masa citta duk damina, ita ke dafa wa yarinyar bayansa, tana sane da wa ke farawa. Na ce to madalla, yau zai ji, shi da Gwaggon.

"Ba za ki faɗa ba," in ji ta.

Na ce sai na faɗa. Na ce wata nawa yana tsallake abincinta, an mayar da ita abin nuni a layi, a kan abin da ba ita ta yi ba. Ta ce ai likitar ma cewa ta yi zato ne. Na ce nasu zaton fa, wa ya tabbatar da shi kafin su rataya mata? Da na ga ba ta motsa ba na rage, na ce to in faɗi rabi, in ce ba zoɓo ba ne kawai, in yi shiru a kan sauran. Ta girgiza kai. Ta ce ta fi ni saninsa, in aka ce ba zoɓo ba ne zai tambayi to mene ne, in ba a faɗa masa ba zai je asibitin da ƙafarsa. Ta ce ban ga abin da take gani ba a cikin ɗaki, yadda yake ɗaukar silifas ɗin yarinyar ya ɗora a ƙirji ya kwanta, ido a buɗe.

"Fushin da yake yi da ni shi ke tashinsa da safe ya tafi aiki," ta ce. "In kika karɓe shi, me zai riƙe? Ni yanzu na ji, kuma ina da ke. Ki bar shi a kan zoɓo."

Da yamma Gwaggo ta haɗa kayanta za ta koma Bwari washegari. Mijin Yaya ya dawo, ya zauna bakin ƙofa inda ya saba shimfiɗa tabarma. Gwaggo ta yi masa nasiha da murya yadda kowa zai ji, ta ce ya yi haƙuri, in Allah ya sake ba su haihuwa a kula da abin da ake ɗura wa yaro. Maganar ta taso mini har maƙogwaro. Na buɗe baki. Yaya ta kalle ni, kallo ɗaya, ba harara ba, roƙo. Na tashi na fita bakin famfo, na buɗe ruwa na tsaya ina kallonsa yana zuba. Ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci irin wannan ba.

Shekaru sun wuce. Na yi aure, ina can wata unguwar, amma ina zuwa. A hankali mijin Yaya ya koma cin abincinta, ba tare da an yi wata magana ba. Sun sami ɗa namiji, yanzu yana gudu a tsakar gida. Yaya ta koma sayar da gawayi, hannun da yake ja ya zama baƙi. Tukunyar na nan bayan gida a kife, ta yi tsatsa, kaji na fakewa gefenta in ana ruwa. Gwaggo har gobe in ta ga yaron da alewa sai ta fizge ta kalli uwarsa. Yaya kuma duk lokacin da ya yi mura, in ya warke sai ta kai shi a tsira masa yatsa, ba ta gaya wa kowa dalili.

Ni dai ban faɗa wa mijin Yaya ba, kuma na tabbata Yaya ba ta faɗa ba. Amma a daminar da aka haifi yaron, ranar da tarin sito ya kama shi, bai shigo ɗaki ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa, hannu biyu a kan baki, ya ce aiki ya yi yawa, zai riƙa kwana a Idu. Bai dawo ba sai da tarin ya rabu da shi. Haka yake yi duk shekara tun daga nan. Ko shi ma ya je wurin likitar ne, ko shi kaɗai ya zauna ya haɗa, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ya sani, kuma har yau bai buɗe baki ya ce wa yayata ba ke ba ce. Wannan ban yafe masa ba, na gaya wa Yaya ban yafe ba, ta ce ba ni aka yi wa ba.

Bana ina gidan mijin Yaya ya fara tarin. Yaya na jin haka ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta naɗe masa tabarma da bargo, ta zuba ruwan citta a fulas, babu suga, ta kai masa bakin ƙofa. Yaron ya sheƙo da gudu zai rungume ƙafarsa. Ya ja da baya, ya kau da fuska, ya ce mata ta riƙe shi.